Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Masu Riƙon Hanyar Saƙo Daga Sifawa Zuwa Zamanin Rauta

A watan Satumba na 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a ɗaukacin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, jihar Sakkwato ta bi sahu, aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23. Cikin 'yan kwanaki, al'adun da aka zaci an binne su suka farfaɗo a yankunan da abin ya shafa. Mai son aika saƙo ya koma ga takarda da biro, ya miƙa wa direba a tasha. Mai sana'ar POS ya ɗaure rumfarsa. Mai jiran kuɗi daga ɗansa da ke Legas ya hau mota ya nemi garin da turakunsa ke aiki, ya tsaya bakin titi yana ɗaga waya sama. Da gangan aka yi wannan katsewa, da umurnin hukuma, amma ta tona wani abu da ya girme ta: jama'a sun jingina kasuwancinsu da zumuncinsu ga wata hanya wadda kaɗan ne daga cikinsu suka san yadda aka shimfiɗa ta, balle yadda ake gyara ta in ta lalace.

Wannan ilimi, na haɗa kwamfutoci da na'urori su yi magana da juna, shi ne ake kira ilimin netwok. Mafi yawan masu sha'awarsa a garuruwa irin Boɗinga da Shagari sun riga sun wuce shekarun makaranta. Malamin firamare ne, ko ma'aikacin sakatariyar ƙaramar hukuma, ko mai rubuta kati a asibiti, ko mai shagon cajin waya da ya gaji da jiran injiniya daga birni. Suna da iyali da aikin safe, kuma tambayar da ke cin su ita ce ko lokaci bai wuce musu ba. Tarihin ƙasar da suke takawa yana da abin cewa a kan haka. Titin da ya fito daga Sakkwato ya nufi kudu maso yamma, ya ratsa Boɗinga, ya wuce ta kusa da Yabo, ya bi Shagari da Tambuwal zuwa Jega, ya ga tsarin isar da saƙo iri-iri cikin shekara ɗari biyu. Duk lokacin da 'yan ƙasa suka riƙe tsarin da hannunsu, manya ne suka koye shi, a kusa da gidajensu, kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da aka ajiye iliminsa a nesa, tsarin ya zauna baƙo ko da igiyarsa ta bi ta bakin gonarsu.

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Gwandu ya sauka a Sifawa wajen 1810, ya zauna nan har 1815 lokacin da ya koma Sakkwato. Ƙaninsa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, tafiyar da ba ta kai a gaji ba daga Sifawa. Ɗansa Muhammadu Bello yana Sakkwato, garin da ya fara ginawa a 1809. A waɗannan shekaru, ƙaramin yankin nan shi ne zuciyar daula mai faɗin da sai an yi watanni ana tafiya kafin a ratsa ta. A 1812 Shehu ya raba kula da ita gida biyu, yamma ga Abdullahi, gabas ga Bello. Babu rundunar da za ta iya tsare faɗin nan da takobi kaɗai. Wasiƙa ce ta riƙe shi.

Yadda wasiƙar take abin a tsaya a duba ne. Da Larabci ake rubuta ta, a kan takardar da fatake ke kawowa ta Sahara, yawancinta ƙirar Italiya mai alamar jinjirin wata uku. Gajera ce. Hatimi a sama, sai sunan mai aikawa da na wanda aka aika wa, sai gaisuwa, sannan batun. Sau da yawa cikakken bayanin yana bakin manzo, takardar shaida ce kawai cewa daga inda ya ce ya fito, can ya fito. Kuma saƙo ba ya faɗawa gaban Sarkin Musulmi kai tsaye. Kowace masarauta tana da ƙofarta a fada, wato babban mutumin da al'amuranta ke bi ta hannunsa, kuma Waziri shi ne babbar ƙofar manyan masarautun gabas kamar Kano da Zazzau. Gidaɗo ɗan Laima ne ya kafa wannan aiki a kan ƙafafunsa a zamanin Bello, zuriyarsa suka gada. Tarin wasiƙun gidan Waziri na cikin abin da Murray Last ya dogara da shi wajen rubuta littafinsa na tarihin daular, wanda ya fito a 1967.

Wanda ya fara karatun netwok zai ji wannan tsari ba baƙo ba ne a kunnensa. Hoton da mutum ya tura daga Kajiji zuwa Jidda ba ya tafiya a dunƙule. Ana yanka shi ƙanana-ƙananan ƙunshi, kowanne da adireshin mai aikawa da na mai karɓa a goshinsa, sannan batun a ciki. Na'urar da ake kira rauta ita ke karɓar ƙunshi ta duba adireshi ta miƙa shi gaba, kuma aikinta ya tsaya ga sanin zango na gaba, kamar yadda mai masaukin fatake zai nuna wa manzo hanyar gari na gaba ba tare da ya taɓa ganin ƙarshen tafiyar ba. Har ma na'urar da duk saƙon ofis ke fita ta cikinta zuwa duniya, sunan da masana fannin suka ba ta ma'anarsa ƙofa. Kamanceceniyar tana da iyaka, domin manzon Waziri yana da hankali da amana, rauta kuwa lissafi kawai take bi. Amma matsalolin guda ne: yadda za a tabbatar da mai aikawa, yadda za a san saƙo ya isa, da abin da za a yi in hanya ta yanke.

Su waye suka riƙe wannan aiki? Marubutan fada da manzanni da alƙalai sun fito ne daga makarantar ilimi, wadda ta bambanta da makarantar allo ta yara. A makarantar ilimi magidanci ne ke zuwa zauren malam bayan asuba ko bayan la'asar, da littafinsa a hannu. Ya karanta 'yan layuka, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, ya rufe ya tafi gona ko kasuwa, na bayansa ya matso da nasa littafin. Babu shekarar shiga, babu ta fita. In ya sauke littafi ya ɗauki wani, in ya ƙware malam ya ba shi ijaza, wadda ke lissafa sunayen waɗanda ilimin ya biyo ta hannunsu. Tsari ne da aka yanka daidai jikin mai sana'a, kuma a shekarun Sifawa da Boɗinga Shehu da Abdullahi suna karantarwa suna rubutu a lokaci guda da tafiyar da mulki.

Wadda ta kai wannan tunani ƙarshensa ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Gidaɗo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Matsalar da ta fuskanta ta fi ta maza wuya. Matan karkara masu aure da goyo ba za su iya barin gida su zauna gaban malami ba, da yawansu kuma ba su daɗe da shigowa cikin jama'ar ba. Sai ta juya al'amarin. Daga kowane gari ana samun dattijuwa amintacciya, ana kiranta jaji, Asma'u ta naɗa ta da malafa da jan rawani. Jaji takan jagoranci ayarin 'yan mata da dattijai mata, waɗanda tafiya ba ta yi musu nauyi, su zo wurin Asma'u su koyi darasi cikin waƙen Hausa ko Fulatanci mai sauƙin haddacewa, su koma su isar wa waɗanda suka rage a gida. 'Yan Taru ake kiransu. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru a Sakkwato tana bin diddigin wannan tarihi, ta tarar da sauran tsarin yana numfashi a ƙarni na ashirin.

Abin da ya sa 'Yan Taru suka ɗore ba asiri ba ne. An rage darasi ya zama abin da za a iya ɗauka a tafiya guda. An faɗe shi da harshen da mai koyo ke mafarki da shi. An kuma sa wani mutum na gari, wanda ake ganin fuskarsa kullum, a tsakanin babbar malama da mai koyo. In jaji ɗaya ta rasu, garinta kaɗai ke jin giɓin kafin a naɗa wata, sauran suna tafiya.

Sai Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, suka zo da tasu hanyar saƙon. Tun 1886 igiyar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan, kuma Lugard ya ɗauki shimfiɗa wayar tangaraho zuwa manyan garuruwan Arewa a matsayin aikin gaggawa. Amfaninta a gare su ya bayyana a 1906. Ranar 14 ga Fabrairu mutanen Satiru, ƙauyen da ba shi da nisa da wannan yanki, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin. Lugard yana Zungeru, yawancin sojojinsa suna can ƙasar Tibi. Waya ce ta ba shi damar kiran su da sanar da Landan, kuma ranar 10 ga Maris aka shafe Satiru daga doron ƙasa, aka kashe mutane kusan dubu biyu bisa ƙiyasin da aka fi ambata. Haka mutanen wannan yanki suka fara sanin saƙon lantarki.

Wayar ta bi ta gonakinsu, iliminta bai tsaya ba. Masu buga tangaraho da akawunan gidan waya yawancinsu daga kudancin Najeriya ne ko Kwas ta Gwal da Saliyo, domin aikin yana buƙatar Turanci, makarantun boko kuwa a Arewa ƙalilan ne. Babbar makarantar horar da ma'aikatan gidan waya tana Oshodi a Legas. Aikin talakan lardin Sakkwato a wannan tsari shi ne sarar turaku da share hanya. Wannan rabo ya daɗe fiye da Turawan da suka kawo shi. A ranar samun 'yanci a 1960 layukan tarho a Najeriya duka ba su kai 20,000 ba, kuma ko bayan kafa NITEL a 1985, tarho abin babban ofis ne da gidan attajiri.

A tsakiyar wannan zamani aka haifi Shehu Usman Aliyu Shagari, ranar 25 ga Fabrairu 1925, a garin da ya ɗauki sunansa. Ya yi elementare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944. Ana tunawa da shi a matsayin shugaban ƙasa, amma sana'arsa ta asali koyarwa ce: ya koyar da kimiyya a midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, ya zama malami mai zagaya makarantun lardi kafin a zaɓe shi majalisar wakilai a 1954. Da ya so ɗalibansa su riƙe labarin ƙasa, waƙa ya tsara musu, Waƙar Nijeriya, dabarar da Asma'u za ta gane nan take. Shekarun koyarwarsa sun zo daidai da Yaƙi da Jahilci, gangamin da gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar a farkon shekarun 1950 domin koya wa manya karatun boko da Hausa, inda Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagoranci. Magidanta suka zauna ƙarƙashin itace da yamma suna haɗa baƙi da wasali. Hukumar NORLA a Zariya ta riƙa buga musu ƙananan littattafai da jaridun larduna, ta lardin Sakkwato sunanta Zaruma. Masu tsara gangamin sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, cikin damina guda zai mance.

Bayan juyin mulkin Janairu 1966 Shagari ya koma gida, ya yi aiki da asusun raya ilimi na lardin Sakkwato wajen gina makarantu a karkara. Da ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba 1979, batun mai aiki da ke son ƙaro karatu na cikin abin da ya taho da shi. Gwamnatinsa ta buɗe jami'o'in fasaha na tarayya a garuruwa irin Bauci da Yola da Owerri da Akure, ta ƙaddamar da gangamin koyar da manya na ƙasa baki ɗaya a 1982, sannan a watan Yuli 1983 aka sa hannu kan dokar kafa jami'ar karatu daga gida, bisa samfurin wadda Ingila ta kafa a 1969. Manufar ita ce ma'aikaci ya yi digiri ta gidan waya da rediyo da talabijin ba tare da ya ajiye aikinsa ba. Sojoji suka kifar da gwamnatin ranar 31 ga Disamba 1983, a watan Afrilu 1984 suka dakatar da jami'ar. Sai a farkon shekarun 2000 gwamnatin Obasanjo ta farfaɗo da ita da sunan NOUN, shi kansa Obasanjo kuma ya shiga ɗalibta bayan ya sauka daga mulki, har ya kai ga digirin digirgir yana da shekara tamanin.

Shekarar 1983 tana da wani nauyi da ba wanda ya lura da shi a Legas a lokacin. Ranar 1 ga Janairun shekarar, ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci da ma'aikatar tsaron Amurka ta fara a 1969, ta koma amfani da ƙa'idojin TCP/IP waɗanda Vint Cerf da Bob Kahn suka fara bayyanawa a 1974. Da yawa suna ɗaukar wannan rana a matsayin haihuwar intanet. A shekara mai bi aka kafa kamfanin Cisco, mai ƙera rauta. Wato shekaru kusan goma sha takwas da jami'ar ma'aikata ta yi a rufe su ne shekarun da wannan fanni ya tashi daga ɗakin bincike ya zama sana'a. Ba za a ce da an bar ta a buɗe da Sakkwato ta cika da injiniyoyi ba, domin wutar lantarki da tarho ma ba su wadata ba. Amma tsara guda ta ma'aikata ta yi ritaya ba tare da hanyar da aka yi mata alkawari ba.

Sauran labarin sananne ne. A Janairu 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki a ƙasar da layukanta ba su wuce 400,000 da wani abu ba, Glo ta biyo a 2003. Igiyoyin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Legas a 2010. Turaku suka tsiro a gefen titin Jega. Wayar salula ta isa hannun mai tallan albasa, abin da tangaraho da NITEL ba su taɓa yi ba. Sai dai ta fuskar ilimi, rabon zamanin tangaraho bai sauya sosai ba: ɗan gari mai gadin turaku ne ko mai zuba wa janareta man dizal, mai saita na'urar kuwa daga nesa yake zuwa.

Abin da ya sauya shi ne buƙata ta sauko ƙasa. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan ta kwamfuta, kuma kowace cibiya sai ta haɗa ɗaruruwan kwamfutoci da igiya zuwa uwar na'ura guda. In suwici ɗaya ya mutu da safiyar jarrabawa, yara da dama ne za su zauna suna kallon allo. Rajistar katin ɗan ƙasa, biyan albashi, tattara bayanan rigakafi a asibitin karkara, na'urar BVAS a zaɓen 2023, duk sun rataya ga netwok. Ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tura har mai sayar da itace ga tiransifa. Tun Janairu 2023 kuma Starlink ta fara aiki a Najeriya, ta yadda makaranta ko asibiti a ƙauye za su iya samun intanet daga sama, amma raba shi zuwa ɗakuna goma da tsare shi daga masu kutse aikin hannu ne da sai an sami wanda ya iya.

Shi karatun kansa ba ya buƙatar digiri. Wanda ya shiga zai fara da matakai bakwai da aka kasa tafiyar saƙo a kansu, daga igiyar tagulla ko zaren gilashi har zuwa manhajar da ido ke gani. Zai koyi bambancin suwici, mai haɗa na'urorin gida ɗaya, da rauta, mai haɗa gida da gida. Inda mafi yawan manya ke tuntuɓe shi ne lissafin adireshi. Adireshin IPv4 lambobi 32 ne na sifiri da ɗaya, abin da ke ba da adireshi kimanin biliyan 4.3, waɗanda babban rumbunsu ya ƙare tun Fabrairu 2011, shi ya sa ake ƙaura zuwa IPv6. Ɗalibi zai koyi yadda ake ɗaukar gungu mai adireshi 256, a ware biyu da ba a ba kowace na'ura, a raba sauran tsakanin ofishin kuɗi da na ma'aikata ta yadda wannan ba zai leƙa wancan ba. Lissafi ne na ninkawa da rabawa biyu-biyu, kuma duk wanda ya taɓa zama inda ake rabon gado ya ga lissafin da ya fi shi sarƙaƙiya. Tun 1997 Cisco ke da shirin koyarwa da ke haɗa gwiwa da jami'o'i da kwalejoji, tana kuma ba da manhajar Packet Tracer kyauta, wadda mutum zai gina netwok na gwaji a cikin kwamfutarsa ya lalata ya gyara ba tare da ya sayi ko igiya ɗaya ba.

Babba yana da abin da yaro ba shi da shi a nan. Gyaran netwok bin sawu ne: a fara daga ƙasa, a duba wuta, a duba igiya, a duba adireshi, kada a zargi abu mai nisa kafin a kawar da na kusa. Makanike da ma'aikaciyar jinya sun saba da wannan tarbiyya. Ma'aikacin da ya shekara goma a sakatariya kuma ya san wane ofis ne ba ya jure katsewa ranar biyan albashi, sanin da ba ya cikin kowane littafi.

Cikas ɗin a wani wuri yake, kuma tarihin da ya gabata yana nuna shi ƙarara. Darussan da Turanci suke, Turancin ma na fasaha. Yawancinsu bidiyo ne a intanet, wato ana buƙatar netwok mai ƙarfi kafin a koyi yadda ake kafa netwok. Cibiyoyin da ake taɓa na'ura da hannu suna birane: Jami'ar Usmanu Danfodiyo da kwalejin kimiyya da fasaha ta Umaru Ali Shinkafi a Sakkwato, ko reshen Digital Bridge Institute na hukumar NCC a Kano. Shirin 3MTT da ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023, mai burin horar da mutum miliyan uku, ya yi ƙoƙarin haɗa karatun intanet da haɗuwa a cibiyoyi, wanda tunani ne mai kyau, amma fannonin da ya fara da su sun fi karkata ga rubuta manhaja da nazarin bayanai fiye da igiya da turaku. Babbar malama tana nan, a YouTube ma akwai ta dubu. Jaji ce babu: mutumin gari wanda ya riga ya koya, wanda zai zauna da mutum biyar bayan la'asar a ajin firamare, da tsohuwar rauta guda, ya faɗa musu da Hausa abin da bidiyon ke nufi. Ga mata ma'aikata, waɗanda zuwa birni kwas na wata uku bai fi sauƙi a gare su ba fiye da yadda yake ga matan zamanin Asma'u, rashin wannan mutum shi ne rufewar ƙofar gaba ɗaya.

A 2024 gwamnatin tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na zaren gilashi a faɗin ƙasa. In ya tabbata, wani sashensa zai bi manyan tituna irin na Sakkwato zuwa Jega. Zaren gilashi siririn abu ne kamar gashin kai, mai aikin titi ko mai haƙar kwalbati yana iya tsinka shi da fatanya, kuma ɗinke shi sai da na'ura ta musamman da hannun da aka horar. Ko wannan hannu zai fito daga Dandin Mahe ko sai an jira shi daga Kaduna, ya danganta da wanda aka koya wa kafin igiyar ta iso.

Sai batun ijazar zamani. Takardar shaidar da masu ɗaukar aiki suka fi sani a wannan fanni ita ce CCNA ta Cisco. Kuɗin jarrabawar dala 300 ne. Bayan an saki naira a Yuni 2023, dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato kuɗin ya zarce naira 450,000, fiye da albashin wata shida ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda ya faɗi sai ya sake biya, wanda ya ci kuma shaidar shekara uku take yi kafin a sabunta ta. Da Turanci ko Japananci kaɗai ake rubuta ta, cikin sa'a biyu. Ana iya zama a gida a yi ta, mai sa ido yana kallo ta kyamara daga wata ƙasa, da sharaɗin intanet da wuta ba za su yanke ba har a gama. Malamin makarantar da ke Shagari, wanda ya kwashe wata takwas yana raba adireshi a bayan littafin rajista da hasken fitilar waya, ba zai sa albashin rabin shekara a kan wannan sharaɗi ba. Zai nemi izinin kwana biyu daga wurin aiki, ya tsaya bakin titi da asuba, ya tari motar da za ta kai shi birnin da ke da cibiyar jarrabawa, ta Boɗinga.